Sansanin koyon aikin 'yan sama jannati: makaranta ce ko kasuwa?

Abu_Safiyya:
Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masana a cikinmu, kuma zan fara da dalilinta. 'Yata ta fari, wadda take aji biyu a ƙaramar sakandare, ta ga hoton wasu yara a Amurka sanye da shuɗayen kaya irin na 'yan sama jannati, an ɗaure ɗayansu a kan wata kujera mai juyawa, kuma tun daga ranar ba ta bar ni na huta ba. Na ce mata wannan duk sabuwar dabara ce ta attajiran nan masu kamfanonin roka, waɗanda suka gano cewa ana samun kuɗi a sayar wa mutane mafarki, don haka sansanin yara da yawon buɗe ido zuwa sararin samaniya duk kanwar ja ce. Mahaifiyarta ta ce na yanke hukunci a kan abin da ban sani ba. To, yaushe aka fara waɗannan abubuwa biyu, kuma shin an taɓa samun wanda ya shiga irin wannan sansani yana yaro, daga baya ya hau kumbo da gaske?

Injiniya_Ɗanladi:
Wa alaikumus salam. Malam Abu Safiyya, a wannan karon uwargida ce take da gaskiya, domin sansanin da 'yarka ta gani ya girmi dukan kamfanonin da kake zargi. Sunansa Space Camp, yana garin Huntsville a jihar Alabama, kuma an buɗe shi a 1982 da yara 75, a lokacin da masu kamfanonin rokar na yau suke yara: Jeff Bezos bai wuce shekara 18 ba, Elon Musk kuma yana ɗan shekara 11. Sansanin yana cikin harabar wani gidan adana rokoki da aka buɗe a 1970, kusa da cibiyar Marshall ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, inda aka tsara rokar Saturn V da ta kai mutane duniyar wata. Ana jingina tunanin kafa shi ga Wernher von Braun, injiniyan da ya jagoranci aikin waccan roka, wanda ya lura cewa a Amurka akwai sansanonin hutu na masu kiɗa da na 'yan ƙwallo, amma babu na yaran da hankalinsu ya karkata ga kimiyya. Shi bai ga buɗewar ba, saboda ya rasu a 1977. Daraktan gidan, Edward Buckbee, shi ne ya tabbatar da aikin.

Yawon buɗe ido na masu biyan kuɗi su hau kumbo kuwa wani reshe ne dabam, mai nasa tarihi, kuma ina ganin haɗa su wuri ɗaya ne ya kawo ruɗanin.

Mai_Tarihi:
Ina so in ƙara abu ɗaya a kan bayanin Injiniya, don kada a ɗauki von Braun a matsayin dattijon kirki mai son yara kawai. Kafin Amurkawa su ɗauke shi da tawagarsa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, shi ne ya jagoranci ƙera rokar V-2 ga gwamnatin Hitler, kuma fursunoni ne aka tilasta wa haɗa ta a cikin ramuka ƙarƙashin dutse a sansanin Dora, inda mutane wajen dubu 20 suka mutu. Duk wanda zai ba yaro tarihin Huntsville ya kamata ya haɗa da wannan.

Sannan Amurkawa ba su ne na farko ba wajen tara yara masu burin zama 'yan sama jannati. A birnin Leningrad na Tarayyar Sobiyet an kafa ƙungiyar matasan 'yan sama jannati tun a 1961, shekarar da Yuri Gagarin ya kewaya duniya, aka sa mata sunan Gherman Titov, mutum na biyu da ya yi hakan. Bambancin shi ne ta Sobiyet ta gwamnati ce, yaro yana zuwa bayan an tashi makaranta tsawon shekaru, ta Amurka kuwa ta mako guda ce a lokacin hutu, iyaye ne suke biya.

Malama_Rabi:
Ni na je Huntsville, don haka bari in ba ku abin da idona ya gani. Ni malamar kimiyyar lissafi da fiziks ce, kuma na samu zuwa ne ta hanyar wani tallafi da ake ba malamai daga ƙasashe daban-daban, ba da kuɗina ba, domin albashina na shekara ba zai biya tikitin jirgi ba balle kuɗin sansanin. Mun yi kusan mako guda muna bin tsarin da yara suke bi.

Kujerar da 'yarka ta gani zobba uku ne, ɗaya cikin ɗaya, kowanne yana juyawa ta nasa ɓangaren, mutum yana ɗaure a tsakiya. An ƙirƙiro irinta ne don 'yan sama jannatin farko su saba da yanayin da kumbo zai shiga idan ya ƙwace yana wulwulawa. Kafin in hau na tsorata ƙwarai, na cire tabarau, na ɗaure ɗankwalina tamau, amma abin mamaki ban ji tashin zuciya ba, saboda cikin mutum yana daidai tsakiyar juyin, kai da ƙafafu ne kawai suke shan wahala. Akwai kuma wata kujera da aka rataye da waya mai tamƙewa, wadda take ɗauke kaso biyar cikin shida na nauyinka, don ka ji yadda tafiya take a duniyar wata. A kanta ne na gane dalilin da ya sa mutanen shirin Apollo da suka taka wata suke tsalle-tsalle kamar zomo a hotunan bidiyo, domin taku irin namu na kullum ba ya yiwuwa, ƙafa ba ta kama ƙasa.

Sai dai ba waɗannan ne suka zauna mini a rai ba. Abin da ya zauna shi ne ranar da aka raba mu gida biyu, wasu a cikin kumbon kwaikwayo, wasu a ɗakin kula da tafiya, kowa da littafin aikinsa da abin magana a kunne. Ni aka ba aikin isar da saƙo tsakanin ɗakin da matuƙa. Ana tsakiyar tafiya sai masu horarwa suka jefo matsala, fitila ta kama ja, ƙararrawa tana kuka, mu kuma sai mun nemo shafin da ya dace a cikin littafin mu karanta wa matuƙi matakan ɗaya bayan ɗaya. Wani malami daga Indiya ya ga lambar kafin ni, amma ƙa'ida ta ce bakina kaɗai matuƙi zai saurara, dole ya miƙo mini in faɗa. Na yi shekaru ina koyarwa, ban taɓa ganin darasin da ya nuna wa mutum amfanin sauraro da bin tsari kamar wannan ba. Wata rana kuma aka ba mu ɗanyen ƙwai da tarkacen ƙarfe da auduga da takardar alminiyam, aka ce mu haɗa garkuwar da za ta kare shi daga wutar walda na 'yan mintuna. Namu ƙwan ya dahu.

Ɗan_Damagaram:
Malama, Allah ya ƙara ilimi, amma ba ki amsa tambayar Malam ta biyu ba. Mutum nawa ne suka fito daga wannan wuri suka je sama da gaske?

Injiniya_Ɗanladi:
An samu, kuma sanannu ne. Ta farko ita ce Dottie Metcalf-Lindenburger, wadda ta je sansanin tana 'yar shekara 14, ta zama malamar sakandare, NASA ta ɗauke ta a 2004, ta tashi a kumbon Discovery a watan Afrilun 2010. Akwai Kate Rubins, masaniyar ƙwayoyin cuta, wadda ta zama mutum na farko da ya karanta jerin ƙwayoyin halittar gado a sararin samaniya a 2016. Akwai Samantha Cristoforetti 'yar Italiya. Akwai kuma Christina Koch, wadda ta yi kwana 328 a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a tafiya ɗaya, kuma 'yan'uwanmu na Gana za su so su ji cewa ta taɓa yin karatu na wani zango a Jami'ar Gana da ke Legon.

Ɗan_Damagaram:
To ai nan ne gizo yake saƙa. Masu sansanin da kansu suna cewa waɗanda suka ratsa ta wurinsu sun kai miliyan guda, kai kuma ka lissafo mutum huɗu. Ko da ka ninka su sau uku, lissafin bai canza ba. A zaɓen da aka kammala a 2017, mutum fiye da 18,300 ne suka nemi aikin ɗan sama jannati a NASA, aka ɗauki 12. Waɗannan matan da ka ambata an ɗauke su ne saboda digirorinsu da aikin da suka yi shekara da shekaru, kuma da ba su taɓa taka Alabama ba, da wuya sakamakon ya bambanta. Yaron da ya riga ya kamu da son abin shi ne yake matsa wa iyayensa su kai shi, kamar yadda 'yar Malam take yi yanzu. Saboda haka ni ina tare da Malam Abu Safiyya a rabin maganarsa: ya yi kuskure a tarihin, amma bai yi kuskure ba da ya ce akwai ciniki a ciki.

Ummu_Hanifa:
Ni kuwa gargaɗi zan yi, domin na taɓa ƙonewa. Hutun ƙarshen shekara biyu da suka wuce wasu mutane suka raba takardu a makarantar yarana, suna tallar abin da suka kira sansanin 'yan sama jannati na kwana biyar, da hotunan yara a cikin kayan kumbo. Na biya wa yara biyu. Da na je ɗaukarsu rana ta biyu sai na tarar da su a wani zaure mai zafi, an haska musu bidiyo a bango, an raba musu shinkafa a roba, kayan kumbon kuma guda ɗaya ne tal, ana sa wa yaro a ɗauki hoto a cire a ba na gaba. Madubin hangen taurari da aka yi alkawari bai zo ba har aka tashi. Duk wanda zai biya irin wannan kuɗi a nan gida, ya nemi ganin kayan aikin da idonsa, ya kuma tambayi wane ne zai koyar.

Baba_Bakano:
'Ya'yana, ku ba tsoho dama ya sa baki. Kuna ta maganar Amurka da Rasha kamar mu ba mu da hannu a tarihin nan, alhali a farkon shekarun 1960 hukumar NASA tana da tashar bibiyar kumbo a Kano. Tana cikin jerin tashoshi 18 da aka shimfiɗa a faɗin duniya don shirin Mercury, shirin Amurka na farko na tura mutum sararin samaniya, wata kuma tana Zanzibar. Ranar 20 ga Fabrairun 1962, da John Glenn ya kewaya duniya sau uku, ya yi magana da ma'aikatan tashar Kano yana wucewa ta samanmu. Ina yaro a lokacin, kuma abin da nake tunawa shi ne manya suna gardama a ƙofar gida bayan la'asar, wasu suna cewa Turawa sun aika mutum sama, wasu suna rantsuwa cewa ƙarya ce irin ta masu rediyo. Yau jikokina sun san sunan Huntsville, amma ba su san wannan ba.

Mai_Tarihi:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Tunda an dawo Afirka, to sansanin horar da 'yan sama jannati na farko da aka yi shelarsa a nahiyar nan a Zambiya yake, a 1964. Wani malamin kimiyya, tsohon sojan Yaƙin Duniya na Biyu kuma ɗan gwagwarmayar neman 'yanci, Edward Makuka Nkoloso, ya tara matasa a wata tsohuwar gona kusa da Lusaka, ya ce zai riga Amurka da Sobiyet zuwa wata, daga nan ya wuce duniyar Mars. Horon nasa shi ne a sa mutum cikin durom a gangaro da shi daga kan tudu, ko a ɗora shi a lilo a yanke igiyar idan ya kai ƙololuwa don ya ɗanɗani rashin nauyi. Ya nemi fam miliyan 7 daga hukumar UNESCO bai samu ba, kuma gwamnatin ƙasar ta nesanta kanta da shirin. Jaridun Turai sun mayar da shi abin dariya, har yau kuma ana gardama ko da gaske yake ko shaguɓe yake yi wa manyan ƙasashe. Abin da nake so Malama Rabi ta duba shi ne, tsakanin durom ɗin Nkoloso da kujerarki mai zobba uku, tunanin ɗaya ne, kuɗin ne ya bambanta.

Malama_Rabi:
Malam Mai Tarihi, na yarda da kai a kan lilon, domin a daidai lokacin da aka yanke igiyar mutum yana faɗuwa ne sakaka, kuma wannan shi ne ainihin abin da ake kira rashin nauyi. Jiragen da ake horar da 'yan sama jannati da su ma haka suke yi, su hau da ƙarfi su sako kai ƙasa, a samu daƙiƙa 20 zuwa 25 mutum yana shawagi a cikin jirgin. Wata ɗaliba 'yar Najeriya, Stella Felix, ta hau irin wannan jirgi a Florida a 2006 tana da shekara 17. Amma durom ba ya koya wa kowa komai sai ciwon kai.

Alhaji_Mai_Tikiti:
Ni sana'ata sayar da tikitin jirgi ce, don haka ɓangaren yawon buɗe idon ne ya fi jan hankalina, kuma har yanzu ba wanda ya ba Malam tarihinsa. Tallar ta riga tafiyar da fiye da shekara talatin. A 1968 kamfanin jiragen sama na Pan Am ya buɗe rajistar masu son zuwa duniyar wata, yana ba kowa kati mai lamba, kuma kafin ya rufe ta a 1971 mutum fiye da 93,000 sun sa suna. Kamfanin ya durƙushe a 1991 ba tare da ya kai kowa ba, sai dai a yi masa adalci, bai karɓi kuɗin kowa ba.

Daga cikin waɗanda aka fara biya wa kujera da kuɗin kamfani mai zaman kansa akwai ɗan jaridar Japan Toyohiro Akiyama, wanda gidan talabijin ɗinsa ya tura Mir, tashar sararin samaniya ta Sobiyet, a Disambar 1990, lokacin da Tarayyar Sobiyet take neman kuɗin waje ido rufe. Wanda ya fara ciro kuɗin daga aljihunsa kuwa shi ne Dennis Tito, Ba'amurke ɗan shekara 60, tsohon injiniya da ya koma harkar zuba jari. Da farko Mir ya nufa, amma aka sauko da ita ta ƙone a Maris na 2001, sai aka mayar da shi sabuwar tashar ƙasa da ƙasa. NASA ta ƙi amincewa, har ta hana shi shiga horo a Houston, abokan tafiyarsa Rashawa suka ƙaurace wa horon don nuna goyon bayansa. A ƙarshe ya tashi ranar 28 ga Afrilun 2001 daga Baikonur, filin harba roka da Rasha take amfani da shi a Kazakistan, bayan ya sa hannu cewa zai biya duk abin da ya lalata, ya yi kusan kwana takwas, a kan kuɗin da aka ce dala miliyan 20 ne.

Bayansa sai Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu a 2002, sai Gregory Olsen na Amurka a 2005, sai Anousheh Ansari, haifaffiyar Iran, a 2006, wadda ta zama Musulma ta farko da ta je. Daga 2001 zuwa 2009 mutum bakwai ne kacal suka yi irin wannan tafiya, ɗayansu, Charles Simonyi, ya je sau biyu. Daga nan kasuwar ta tsaya cik fiye da shekara goma, saboda da Amurka ta ajiye kumbunanta a 2011, duk kujerun Soyuz, kumbon Rasha, sai 'yan sama jannati na gwamnati suka cinye su.

Ustaz_Kabiru:
Alhaji, ina ganin ka tsallake Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya, wanda ya tashi a kumbon Discovery a Yunin 1985. Ashe ba shi ne ɗan yawon buɗe ido na farko ba?

Alhaji_Mai_Tikiti:
Ustaz, da gangan na bar shi. Yarima Sultan shi ne Balarabe kuma Musulmi na farko da ya je sararin samaniya, amma ya je ne a matsayin wakilin ƙungiyar Arabsat, wadda aka harba tauraronta a wannan tafiya, ba tikitin shaƙatawa ya saya ba. Haka ma Sheikh Muszaphar Shukor, likitan Malesiya da ya je a Oktoban 2007, gwamnatinsa ce ta tura shi.

Ustaz_Kabiru:
Na karɓi gyara. Tafiyar likitan nan ta Malesiya ce ma ta sa hukumar addinin ƙasar ta tara malamai da masana kimiyya suka fitar da jagora kan ibada a tashar, domin tana kewaya duniya cikin kimanin minti 90, mai zama cikinta yana ganin fitowar rana sau 16 a yini guda. Suka ce ya bi lokutan wurin da ya tashi, ya fuskanci alƙibla gwargwadon iyawarsa. Idan masu kuɗinmu suka fara wannan tafiya da yawa, tambayar za ta iso zaurukan malamanmu, bayan wata tambayar da ta fi ta nauyi, wato ko ya dace mutum ya kashe irin wannan dukiya a kan kallo na 'yan mintuna alhali unguwarsu babu ruwan famfo.

Injiniya_Ɗanladi:
Maganar 'yan mintuna da Ustaz ya yi tana buƙatar fayyacewa, domin tafiya iri biyu ce ake kira da suna ɗaya. Irin ta Tito ita ce shiga falaki, inda dole kumbo ya kai gudun kusan kilomita 28,000 a awa ɗaya a tsayin kilomita 400, kuma mutum yana yin watanni yana horo a cibiyar Gagarin kusa da Mosko, har da koyon Rashanci. Ɗaya kuwa tsalle ne: a cilla ka sama ka haura kilomita 100, ko 80 a ma'aunin Amurkawa, ka yi shawagi na minti uku ko huɗu, ka faɗo. Kilomita 100 bai kai nisan Kano zuwa Zariya ba. Tafiyar rokar New Shepard ta kamfanin Blue Origin na Bezos gaba ɗayanta ba ta wuce minti 11, horonta kuma kwana biyu ne.

Wannan nau'i na biyu ya samo asali ne daga gasar Ansari X Prize ta dala miliyan 10, wadda kumbon SpaceShipOne ya lashe ranar 4 ga Oktoban 2004. A shekarar ne Richard Branson ya kafa Virgin Galactic, ya fara sayar da kujera a kan dala 200,000, yana alkawarin tashi cikin 'yan shekaru. A 2014 kumbon gwajinsu ya tarwatse a hamadar Mojave, mataimakin matuƙi ya mutu. Branson bai tashi ba sai 11 ga Yulin 2021, Bezos ya bi shi bayan kwana tara. Wani Baturen Ingila, Jon Goodwin, ya sayi tikitinsa a 2005, bai hau ba sai 2023 yana da shekara 80.

Ɗan_Damagaram:
Shi ma ya yi sa'a da ya ga ranar. Ku tuna da Mandla Maseko, matashi daga wata unguwar talakawa kusa da Pretoria, wanda ya shiga gasar da kamfanin turaren Axe ya shirya a 2013, aka kai shi sansanin gwaji a Florida, ya fito cikin mutum 23 da aka yi wa alkawarin kujera. Duniya ta yi ta yayata cewa shi ne baƙar fatar Afirka na farko da zai je sama. Kamfanin da zai ƙera kumbon, XCOR, ya karye a 2017 kafin kumbon ya taɓa tashi, shi kuma Maseko ya rasu a haɗarin babur a 2019 yana da shekara 30. A wurina wannan labari shi ne mahaɗar sansanin da yawon buɗe idon, waɗanda Injiniya ya ce a raba su. Kamfanin ya sayar da turarensa, matashin ya samu riga da hoto.

Hajiya_Mai_Goro:
Ɗan'uwa, ka cika kallon baƙin ɓangaren. Sara Sabry, injiniya 'yar Masar, ta tashi a New Shepard a Agustan 2022 ba tare da ta biya ko sisi ba, wata ƙungiya ce ta zaɓe ta daga cikin dubban masu nema, ta zama macen Afirka ta farko. Ed Dwight, wanda aka sa a layin zama baƙar fata na farko a farkon shekarun 1960 aka kuma bar shi a ƙasa, ya samu tashi a 2024 yana da shekara 90. A Yunin 2025 kuma wani lauya ɗan Najeriya, Owolabi Salis, ya yi irin wannan tafiya. Ba don kasuwar nan da kake kushewa ba, babu ɗayansu da zai leƙa.

Ɗan_Damagaram:
Hajiya, ban musa ko ɗaya ba. Amma minti goma na lauya ɗaya bai ƙara ko injiniya ɗaya a ƙasar ba.

Malama_Rabi:
A kan wannan jimla ta ƙarshe ni da Ɗan Damagaram bakinmu ɗaya, kuma ita ce ta sa nake kare sansanin ba na kare tikitin. Lissafin mutum huɗu cikin miliyan da ya yi daidai ne idan ma'aunin shi ne hawa kumbo, amma a tafiyar kwaikwayon da na ba ku labari, mutum biyu ne kawai suka zauna a kujerar matuƙa, sauranmu muna ƙasa, kuma haka aikin yake a zahiri, inda ma'aikata wajen dubu 400 suka yi wa shirin Apollo hidima don mutum 12 su taka wata. Tun 1990 sansanin yana ware mako na musamman ga yara makafi da masu raunin gani, da littattafan aiki cikin rubutun makafi, alhali kowa ya san ba za a ɗauke su aikin tuƙin kumbo ba. Da na dawo gida na maimaita gwajin ƙwan nan da ɗalibaina, da gwangwanin madara da risho, kuma 'yan matan da ba sa ɗaga hannu a aji su ne suka fi kowa gardama a kan wane ƙarfe za a sa a gaba.

Malam Abu Safiyya, idan nisa ne matsalar, akwai reshen sansanin a Izmir ta Turkiyya tun 2000, akwai kuma wata cibiya makamanciyarsa a Beljiyam tun 1991. Amma ko'ina ne kuɗin yana da nauyi, na Huntsville kaɗai ya haura dala dubu kafin a yi maganar jirgi da biza.

Abu_Safiyya:
Na gode ƙwarai, kuma na janye maganata cewa sabon abu ne. Uwargida tana karanta amsoshin nan tare da ni, ba sai na faɗi yadda fuskarta take ba. A kan ko makaranta ce ko kasuwa, har yanzu ina tsakanin Malama Rabi da Ɗan Damagaram. Kuɗin Alabama dai ba ni da shi, na Izmir ma haka. Yarinyar ta kwafe labarin tashar Kano a littafinta, tana tambaya ko ginin yana nan har yanzu, don haka Baba, idan kana iya tuna unguwar da take, ka taimaka mana. Malama kuma, don Allah ki rubuto mini kayan gwajin ƙwan dalla-dalla, da tazarar da ake bari tsakanin wutar da garkuwar, domin ta riga ta ɗauko ƙwai biyu daga kicin.